Kawu Maƙeri da Takobin Japan

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon Kawu aka kira. An yi masa salla a Harami bayan azahar, muka kai shi maƙabartar Ma'ala, muka dawo hara, wato unguwarmu, kowa ya nemi inuwa.

Mahauta ne suka fara cika ƙofar gidan. Babbansu, wani dattijo da ke zuwa Mina da Kawu tun ban san kaina ba, ya zauna, sai ya ce, "To bana wa zai wasa mana wuƙa?" Da ya ji abin da ya fito daga bakinsa sai kunya ta kama shi, ya shiga jero Allah ya ji ƙansa, Allah ya sa ya huta. Ni ban ga laifinsa ba. A duk abin da aka faɗa kwanakin makokin nan, babu yabon da ya kai wannan. Balaraben da ke gasa burodin tamis kusa da maƙerarmu ya zo ya yi mana ta'aziyya irin tasu, azzamallahu ajrakum, ya ce shi tun yana saurayi ƙarar masabar Kawu ce agogonsa, da ya ji ta ya san lokacin fitar da burodi ya yi, yau ga shi ya bar na farko ya ƙone. Mata a ciki suna ta aiko da shinkafa da hummus, markaɗen waken Larabawa. Inna, matar Kawu, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta dai sa an ɗauke mata takalmansa daga bakin ƙofa.

Umda, mai unguwarmu, ya zo, ya sha gahawa, ya yi addu'a. Da zai tafi ya ja ni gefe ya tambaye ni a hankali ko saif ɗin nan, wato takobin Japan, yana nan. Na ce yana nan. Kafin a yi sadakar uku, mutane da dama sun yi mini wannan tambaya, kowa da irin yadda yake saukar da murya. Ƙanin Kawu, wanda duk hara ke kira Malam, yana jin su, bai ɗaga kai daga carbinsa ba.

Ni ɗan ƙanwar Kawu ne. A maƙerarsa na tashi, a nan na yi furfura. Karatuna bai yi nisa ba, kuma rubutu ba sana'ata ba ce. Abin da ya sa na zauna nake wannan wahala, bayan mako guda na koma Ma'ala don in yi masa addu'a, na tsaya na rasa wane ne nasa. A garin nan ba a rubuta suna a kan kabari, kuma in an ɗau shekaru za a buɗe a sa wani. Ban ce wannan laifi ne ba, haka aka same shi. Amma mutumin da ya ƙare kwanakinsa yana neman sunan wani maƙeri da bai taɓa gani ba, ya kamata a ce wani ya faɗi yadda shi ma ya zauna a duniya.

Da ƙafa ya zo daga ƙasar Kano, yana bin mahaifinsa, kakana. Sun yi shekaru a hanya, suna ƙira a nan suna noma a can. Mahaifiyata a Sudan aka haife ta. Kawu ba ya ba da labarin wannan tafiya. In an matsa masa sai ya ce, "Mun taso, mun iso." Ba mutum ne mai daɗin zama ba, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Ba ya magana da safe sai wuta ta kama, ƙarfe ya yi ja. Damtsensa na hagu babu gashi ko ɗaya, don a nan yake gwada kaifi. Ban taɓa jin ya ce na yi aiki mai kyau ba. In na miƙa masa wuƙa ya duba ya ce "sake," na san sauran aiki. In ya ce "ajiye," to ranar na ci sallata.

Yana da maganganu da hara ta haddace. Yakan ce wuƙa mai kaifi jinƙai ce ga rago. Yakan ce ƙarfe ba ya ƙarya, sai dai mai sayar da shi. Lokacin aikin hajji kuwa ba ya karɓar komai a hannun talakan alhaji da ya kawo aska ko wuƙar hadaya, amma sai ya yi masa faɗa tukuna kan yadda ya bar ta ta dakushe. Mutum ya tafi da wuƙa mai kaifi da kunne mai zafi.

Abin da ya fi so a duniya tsofaffin takubba. Masu zuwa da ƙafa daga yamma da yawa suna riƙe da takobi saboda hanya, in sun iso guzuri ya ƙare, shi ne abin da suke fara rabuwa da shi. Yawanci maƙera kan yanka su a fitar da wuƙaƙe. Kawu in ya ga mai kyau ba ya iya yankawa, sai ya ba mai shi wuƙaƙe daga nasa ya ajiye takobin. Haka ya tara su a wani tsohon akwatin katako ƙarƙashin gadonsa: na Abzinawa masu tambarin wata biyu, na Sudan masu faɗi, wuƙar Yaman mai lanƙwasa, har da wata ta mutanen Jawa mai tafiya kamar maciji. Ranar Juma'a da hantsi, da yake ba ma hura wuta, yakan fito da su ya shafa musu mai. Kowanne ya ɗauka sai ya juya shi ya ce, "Wa ya yi ka?" Daga nan ya kama bayani, wannan maƙerin bahago ne, wancan gawayinsa bai da kyau, wancan kuma ya yi sauri don yunwa. Inna takan leƙo ta ce, "Ga mutum da 'ya'yansa na ƙarfe. Ba sa ci ba sa sha, shi ya sa ya fi ƙaunar su." Shi kuma ya ce, "Kuma ba sa mayar da magana."

Na Japan ya zo bayan an gama babban yaƙin duniya. Wani tsohon soja ne Bazazzagi, wanda Turawa suka kai Bama, ya kawo shi naɗe cikin tabarma. Ya ce a hannun wani hafsan Japan aka samo shi, bai ƙara bayani ba, mu ma ba mu nema ba. Ya biyo hanya da shi har Sawakin, bakin teku, yana saran itace da shi. So yake a yanka masa shi gida-gida ya sami wuƙaƙen fawa ya kama aiki a Mina. Takobi ne mai kaifi ɗaya, ya ɗan ranƙwafa, mariƙinsa dogo na hannu biyu, an naɗe shi da zare a kan wata fata mai ƙurji-ƙurji kamar ta kifi. Ruwansa ya yi duhu da dauɗa. Kawu ya karɓa kamar yadda yake karɓar kowane ƙarfe, ya ce in juya masa dutsen washi. Na juya. Ya ɗora daga tsini ya ja kamar taki guda, ya ɗaga don ya duba, ya goge sauran da gefen rigarsa. Sai ya ce, "Tsaya."

Inda dutse bai taɓa ba, akwai wani farin zane yana bin kaifin tun daga gindi, yana hawa yana sauka kamar bakin ruwa a Jidda. Ba fenti ba ne, ba zanen magagari ba ne, a cikin ƙarfen yake. In ka karkata shi ga haske, jikinsa ma duk wasu siraran layuka ne kamar na itacen da aka fere. Inda dutsenmu ya ci kuwa babu komai, fari fat kamar kwanon sha. Kawu ya daɗe yana kallon wurin. Ya tashi ya kwaso wuƙaƙe mafiya kyau da muke da su ya ba sojan, ya sa Inna ta ciyar da shi har aka fita Mina. Ranar bai ƙara taɓa aiki ba.

Wannan taki guda bai bar shi ba har ya mutu. Ya ce mutum ya ninka ƙarfe ya sake ninkawa, Allah kaɗai ya san sau nawa, ya san yadda ya yi ya sa bakin ya sha ruwa dabam da bayan, takobi ya ratsa duniya lafiya, sai da ya zo hannun wanda ke kiran kansa maƙeri aka kankare masa fuska. Ya shiga neman duwatsu masu laushi. Duk alhajin da ya saba da shi sai ya roƙe shi in zai dawo ya taho masa da dutsen washin ƙasarsu. An kawo na Yaman, an kawo na Hindu, ya gwada toka, ya gwada garin kasko da mai. Wurin ya yi santsi, ya yi sheƙi, har wani lokaci yakan ce in zo in gani, kamar zanen yana so ya fito. Ni ban ga komai ba, na kuma faɗa masa. Ya ce idona na jaki ne. Da ya shinshina kuben ya ji ƙanshin kanumfari, sai ya daina shafa masa man da yake shafa wa sauran, ya koma sayen man kanumfari a wurin mai turare. Inna ta ce ita da haƙori ya yi ta damunta bai sayo mata ba.

Shi ya gano cewa ƙusar gora guda ɗaya ce ke riƙe da mariƙin. Ya tura ta ta fita, ya buga hannunsa, ƙarfen ya zame. Wutsiyar takobin, wato abin da ke ɓuya cikin mariƙi, doguwa ce, baƙa ƙirin da tsohuwar tsatsa, kuma an sassaƙa mata rubutu da kurfi daga sama zuwa ƙasa. Na ɗauko yashi zan goge don a gani sosai. Ya buge mini hannu. Ya ce mun yi ɓarna ɗaya ta isa, tsatsar nan ta girme mu duka.

Ya ce wannan sunan wanda ya yi shi ne. Na ce ta yaya ya sani tunda ba ya karantawa. Ya ce mai takobi a waje zai sa sunansa don a gani, maƙeri ne kaɗai zai sa nasa inda sai ɗan'uwansa maƙeri zai tarar. Mu a wurinmu ba a yin haka. Kawu ya yi wuƙaƙen da ba su ƙirguwa, babu guda da ke ɗauke da alamarsa. Ban sani ba ko shi ya sa abin ya kama shi.

Daga nan kowace shekara in alhazai sun cika gari, sai ya bar ni da aiki a lokacin da aiki ya fi yawa, ya naɗe takobin a tsumma ya tafi gidajen da mutanen gabas ke sauka. Wata shekara wani muɗawwifi, mai yi wa alhazai jagora, ya haɗa shi da wani Bajawe mai jin Larabci, ya kawo shi maƙera. Da Kawu ya zare takobin, mutumin ya ja da baya har ya ture tulun ruwa. Ya tofar da yawu. Ya ce da irin wannan aka sare kan yayansa a tsakiyar kasuwa lokacin da Japan ke riƙe da ƙasarsu, aka tara su aka ce su kalla. Kawu ya mayar da shi kube, ya tura shi bayan zugazugi, ya zaunar da mutumin a kan buzunsa, wanda ba ya barin kowa ya hau, ya aika aka kawo shayi. Bai sake yi masa maganar suna ba. Suka sha shayi har aka kira la'asar, ya raka shi Harami. Da ya dawo na ce masa ga abin da kake shafa wa man kanumfari nan. Ya ce, "Na ji." Ya yi kusan wata bai buɗe akwatin ba. Ranar da ya buɗe, abin da ya ce kawai shi ne, ragon da aka yanka da wuƙarsa ta hanyar halal da wanda ɓarawo ya yanka, duk ba a zo an tambaye shi ba.

Wanda ya karanta rubutun a ƙarshe wani tsohon mutumin Sin ne, musulmi, mai sayar da magani a unguwar Misfala. Ya ce rubutun nasu da na Japan uwa ɗaya suka sha. Ya bi da yatsa ya ce na sama sunan wata ƙasa ce, na tsakiya sunan mutum, na ƙarshe kuwa yana nufin "shi ya yi." Ya faɗi sunan da harshensu, ya ce amma su can ba haka za su kira shi ba, shi kuma bai san yadda suke kira ba. Kawu ya maimaita a hanya har gida, kafin gari ya waye ya zame masa. Bai koma ba. Ya ce ya ishe shi, ya tabbata mutum ne, yana da gari, kuma bai ji kunyar aikinsa ba.

A kan wannan ne suka ɓata da Malam. Kawu yana da al'ada, in ya gama shafa wa takobi mai sai ya ce Allah ya ji ƙan hannun da ya yi ka. Wata Juma'a Malam ya shigo ya same shi yana faɗa wa na Japan haka. Ya ce, "Yaya, ba a nema wa wanda ya mutu ba ya salla gafara. Wannan ba maganata ba ce, ka sani." Kawu ya ce shi hannu ya yi wa addu'a. Malam ya ce hannu ba ya tashi shi kaɗai ranar kiyama. Kawu ya ce wanda bai taɓa ƙona yatsa ba ba zai gane ba. Malam ya ce shi ma wanda bai taɓa buɗe littafi ba haka. Suka yi watanni sai gaisuwa a bakin masallaci. Ni na san Malam gaskiya ya faɗa, Kawu ma ya sani, shi ya sa fushin ya daɗe. Bai taɓa cewa ya sauka ba, amma ban sake jin ya yi wannan addu'a a kan takobin ba. Abin da ya koma yi, in ya goge shi ya mayar kube, sai ya dafa shi ya ce, "Sannu da aiki." Da labari ya kai wa Malam, ya ce gaisuwa dai ba a hana ba, sai dai bai taɓa ganin mai gai da wanda ba zai amsa ba. Kawu ya ce ai shi ma ya daɗe yana gai da ƙaninsa.

Yanzu sai in faɗi abin da ban yarda da shi ba. Kawu 'ya ɗaya gare shi, taubashiyata. Mijinta mai ɗaukar ruwa ne, ya faɗo daga matakalar wani dogon gida da garwa biyu a kafaɗa, bai tashi ba. Ya bar ta da yara a sandaga, ɗakin gwangwani a bakin kwari can bayan unguwar Mansur, inda in an yi ruwa a duwatsu sel, wato ambaliya, ke bi. Sau biyu ruwa yana kwashe musu kaya. A lokacin akwai wani attajiri mutumin Najdu da ya ga takobin a wurin umda, ya so shi ƙwarai. Abin da ya ce zai bayar ya isa a gina mata ɗakin dutse a kan tudu. Amma shi ruwan takobin yake so. Zai sa a yi masa mariƙin azurfa irin nasu na rawar takobi, kuma irin wannan mariƙi gajere ne, sai an datse wutsiyar an rage mata faɗi. Kawu ya ji haka ya naɗe kayansa ya taho.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi ya sayar da sauran takubban ɗaya bayan ɗaya, na Abzin, na Sudan, duka, rabi ya tafi magani rabi ya aika wa 'yarsa. Kuɗin bai kai ga gina ɗaki ba. Na same shi wata rana da rana tsaka na ce masa, Kawu, jikokinka suna kwana a hanyar ruwa, kai kana gadin sunan mutumin da ko faɗarsa ba ka iya ba. Ban taɓa yi masa magana haka ba. Na zaci zai kore ni. Ya juya fuska ga bango ya ce, "Na sani. Ni dai ba da hannuna ba." Can kuma ya ce, "In an tashi datsewa, kada a sa masa wuta." Wasiyyarsa ke nan gare ni. Ya san sarai wurin wa za a kawo, ya kwanta ya bar mini.

Ɗan ƙanwa ba ya gado inda akwai 'ya da mata da ƙane, don haka ba a tambaye ni ba, ban kuma sa baki ba. Malam ya raba yadda shari'a ta ce, ya bar wa 'yar nasa kason, aka aika wa mutumin Najdu ya sayi takobin. Bayan kwana kaɗan sai ga maƙerin azurfarsa da takobin a hannu, ya ce an ce ni zan datse, don su ƙarfe irin wannan ba aikinsu ba ne. Ya auna, ya ja layi da alli. Layin ya bi ta tsakiyar rubutun. Na ce ya kai wani wuri.

Da yamma taubashiyata ta zo maƙera, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya daga bakin ƙofa. Tun muna yara bawa take ce mini, kamar yadda 'ya'yan namiji ke tsokanar 'ya'yan mace. Ta ce, "Bawa, an ce ka yi wa iyayen gijinka tawaye." Na ce bawan ya tsufa, a 'yanta shi. Ta yi dariya kaɗan, sa'an nan ta ce, "Kana tsammanin ni ban san abin da yake a wurinsa ba? Ni ce nake kawo masa tsumman gogewa tun ina ƙarama. In ka ƙi, gobe za su kai shi kasuwa, a sa shi a wuta, a gurje. Ɗakin dai za a gina. Abin da ya rage, hannun wa zai taɓa shi." Ta juya ta tafi ba ta jira amsa ba.

Da safe na aika aka kira maƙerin azurfan. Na ce zan yanka, amma ba a layinsa ba, sama da rubutun gaba ɗaya. Ya ce abin da zai rage bai fi yatsa uku ba, mariƙi ba zai zauna ba, ranar da maigidansa ya ɗaga shi a taro ruwan ya tashi sama, wuyan wa za a kama. Na ce zan yi masa ƙari da wani ƙarfe, in huda in ɗaure da ƙusoshi, in ya girgiza ya zo ya kama nawa wuyan. Ya ce, ya shaihu, duk wannan saboda rubutun da ba mai gani. Na ce saboda shi.

Na naɗe ruwan takobin da jiƙaƙƙen tsumma, na kama shi da magagari, ba wuta. Tun hantsi nake gurza har aka kusa la'asar. Ba wuyar ƙarfen ba ce, wutsiyar ba ta da tauri. Hannuna ne yake tsayawa. Da guntun ya faɗi ƙasa na bar shi nan na ɗan lokaci, sa'an nan na ɗauka na duba. Rubutun yana nan cif, tsatsarsa ba ta ko kankaru ba. Na dudduba abin da zan yi ƙarin da shi, sai idona ya faɗa kan wata wuƙa da Kawu ya fara kafin ya kwanta, ya fitar da siffarta bai kai ga yi mata kaifi ba. Ita na yanka na daidaita, na ɗaure. Maƙerin azurfan ya kama ya jijjiga iya ƙarfinsa, ya ce ɗayyib, wato ya yi. Yanzu takobin yana can Najdu ko wani wuri, cikin azurfa, da wurin nan fari na kusa da tsini da ba wanda zai san dalilinsa, kuma abin da ke riƙe da shi a ciki ƙarfen Kawu ne, babu suna a kansa.

An gina ɗakin. Ruwan da aka yi bana ya wuce ta ƙarƙashinsu. Na kai wa taubashiyata guntun na ce nata ne, ta ce ita ba maƙeriya ba ce, in mayar inda ya saba jin ƙarar masaba. Na kafa shi a jikin kututturen da uwar maƙera ke zaune a kai, ta gefen da Kawu ke zama. Ranar Juma'a nakan ɗiga masa man kanumfari. Ba na ce masa komai, ni ba na iya irin wannan.

Kwanan baya Malam ya biyo ta maƙera. Tun rasuwar bai tako ba. Ya ce askarsa ce ta dakushe. Ina wasawa, shi yana tsaye da sandarsa, ya ƙi zama a buzun. Na ga idonsa ya sauka kan kututturen. Ya tambaye ni ko shi ne. Na ce shi ne. Ya sunkuya da ƙyar, ya dafa guntun da yatsu biyu, ya daɗe a haka. Ya yi wa yayansa addu'a doguwa, ya kira shi da sunan da mahaifiyarsu ke kiran sa, na ce amin. Da ya miƙe ya karɓi askarsa ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya bai juyo ba, ya ce, "Sannunku da aiki." Na bar masabar a hannuna ban buga ba har ya sha kwana.

Allah ya yafe wa Kawu abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya sanyaya masa makwanci a duk inda yake cikin Ma'ala, ya sa in tamu ta zo mu tarar an ce mana ajiye.